Shinkafa ce ke sa ni ƙiba ko kuwa sharri ake mata?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah a raba mini gardama da Baban Ilham, tun daren jiya muke abu ɗaya. Tun da na haifi autata jikina ya ƙi komawa, ga shi har na yaye ta. Kafin aure kilo 58 nake, da na je asibiti aka ɗora ni a sikeli sai ga 86. Maƙwabciyata ta ce shinkafa ce, in bar ta in ga ikon Allah. Wata biyu cur ina dafa wa yara ina haɗiyar yawu, ni kuma in ci taliya ko doya ko burodi. Shekaranjiya na sake hawa sikeli: 87. Shi kuwa maigidan me zai yi in ba dariya ba, wai in da shinkafa na sa ƙiba ai da mutanen Caina da Japan ƙofa ba ta ɗaukarsu, tunda safe, rana, dare ita suke ci, amma ga su kamar sillen kara. Na rasa amsar da zan ba shi. Masu sani a taimaka, in koma wa shinkafata ko in ci gaba da haƙuri?

Abban Walid:
Wa alaikumus salam. Hajiya kada ki koma. Shinkafa suga ce da aka sa wa farar riga. Ni da kaina na gwada, na bar ta wata bakwai, kilo 14 na sauke, sai da tela ya rage mini wanduna gaba ɗaya. Kuskurenki kin bar shinkafa kin kama taliya da burodi, ai duk kanwar ja ce.

Anti Rabi Mai Abinci:
Abban Walid tsakaninka da Allah, shinkafar kaɗai ka bari?

Abban Walid:
Ita ce babba dai.

Anti Rabi Mai Abinci:
Ban tambaye ka babba ba. Shekara goma sha tara ina sayar da abinci, na san yadda maza ke cin shinkafa. Ba wanda ke cinta ita kaɗai. Mutum zai ce a zuba masa garau-garau, in zuba mai ludayi guda, ya ce "Anti ƙara mai, ta yi bushe." In ƙara. Ya ce a kawo lemon kwalba mai sanyi. In ya gama ya jingina da bango ya kwance maɓallin wando. Ranar da ka bar shinkafa, man da lemon ai tare suka tafi.

Abban Walid:
To gaskiya na bar lemo. Da shayin dare mai kauri. Kuma ina zagaya fili da asuba.

Anti Rabi Mai Abinci:
Madalla. Ɓarayi huɗu ka kora daga gida, ka zo kana cewa ɗaya ne ke maka sata.

Alhaji Ɗan Kwari:
Bari in sa baki, don ni ganau ne. Na yi shekaru ina zuwa Gwanzu ta ƙasar Caina sarin kaya. Zuwana na farko wani mai masana'antar yadi ya ce in tsaya mu ci abincin rana. Ya san ni Musulmi ne, sai ya kai ni inda ake kifi da ganye. Aka ajiye wa kowa wani ɗan kwano, wallahi bai fi tafin hannuna biyu in na haɗa ba. Na ɗauka na wanke hannu ne. Ashe kwanon shinkafar ke nan. Fara sol, ba mai, ba gishiri, ba komai. A tsakiyar tebur kuma ga turararren kifi, ga ganye kala uku, ga awara (ashe awararmu tasu ce tun asali), ga wani romo mai ruwa-ruwa. Kowa ya miƙa 'yan sandunansa ya tsinko ganye, ya ɗora a kan shinkafa, ya kai baki. Abin sha kuma ruwan shayi ne tsura, ko ƙwayar suga babu. Ni da na karɓi cokali, loma biyar na share kwanon. Na nemi ƙari, na sake nema, sai na ga yaran shagon suna kallon juna suna murmushi.

Wani abin da ya fi ba ni mamaki, in liyafa ce ta manya, shinkafa a ƙarshe ake kawo ta, ga wanda bai ƙoshi ba. Mu kuwa ita ce sarauniya, tire guda a cika ta, a ɗora yankan nama biyu a sama kamar an yi mata ado.

To Maman Ilham, ki gaya wa maigida gaskiyarsa rabi ce. Suna ci kullum, amma abin da mutum uku za su ci a can, shi ne farantinmu ɗaya.

Maman Ilham:
Alhaji ai kuwa in aka ba ni wannan kwanon kuka zan yi.

Sista Binta:
Sannunku. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ɓangaren masu ciwon suga nake, don haka wannan magana kullum cikinta nake. Bari mu yi lissafi kamar na kasuwa. Jiki yana ƙiba ne idan kuzarin da ke shiga ta abinci ya fi wanda ake ƙonawa. Ana auna kuzarin da kalori. Dafaffiyar farar shinkafa giram 100 tana da kalori wajen 130. Dafaffiyar taliya giram 100 ta ma ɗan ɗara haka, burodi kuwa ya ninka. Shi ya sa Maman Ilham ba ki ga canji ba, gudun gara kika yi kika faɗa gidan zago.

Yanzu a ɗauki farantin da Anti Rabi ta kwatanta. A ce shinkafar rabin kilo ce, kalori 650 ke nan. Cokalin cin abinci ɗaya na mai, na gyaɗa ne ko manja, kalori 120 ne. In ludayin ya kai cokali huɗu, 480. Lemon roba na rabin lita yana da suga sama da giram 50, kalori wajen 210. A haɗa: 1,340 a zama ɗaya. Mace mai zaman gida abin da jikinta ke buƙata a yini bai fi 2,000 ba, wata ma bai kai ba. Ga karin kumallo a baya, ga tuwon dare na jira.

Ku lura, a lissafin nan mai da lemo sun fi shinkafar kanta.

Abban Walid:
Sista na yarda da lissafi, amma jiki ba kalkuleta ba ne. Shinkafa tana ɗaga suga a jini da sauri, insulin, sinadarin da ke sauke sugan, ya tashi, awa biyu ka ji yunwa kamar ba ka ci ba. Wannan fa?

Sista Binta:
Wannan gaskiya ne, musamman in farar shinkafa ce zalla. Shi ya sa shinkafa da wake ta fi riƙe ciki a kan shinkafa da mai da yaji kawai. Zan dawo kan sugan, don akwai magana babba a wurin. Amma cewa sitaci shi kaɗai ke sa ƙiba, tarihi bai goyi bayanka ba. A 1939 wani likita a Jami'ar Duke ta Amurka, Walter Kempner, ya fara ɗora masu hawan jini da ciwon ƙoda a kan abincin da kusan ba komai cikinsa sai shinkafa da 'ya'yan itace da suga. Ba mai, gishiri ɗan kaɗan. Mutanen ramewa suka yi, har daga baya masu teɓa suka riƙa zuwa wurinsa musamman don su rage jiki. Ba cewa nake kowa ya yi haka ba, abinci ne na asibiti mai tsanani. Amma in da shinkafa ce tushen ƙiba, da kumbura suka yi.

Injiniya Kabiru:
Ina gaishe da manya. Shekarata ta huɗu ke nan a Japan ina karatu, bari in gyara wani zato. Japanawan yau ba sa cin shinkafa yadda muke tsammani. A 1962 ne cinta ya kai ƙololuwa, kowane mutum wajen kilo 118 a shekara. Yanzu ya sauko zuwa wajen kilo 50. Wato buhu ɗaya na kilo hamsin shi ne na mutum guda tun daga Muharram har Zulhajji. Da yawa daga abokan karatuna burodi suke karyawa da shi. Abin lura kuma, a zamanin da suke cin kilo 118 ɗin mazansu sun fi yanzu sirantaka, don lokacin nama da mai da kayan zaƙi ba su yawaita ba.

Kwanon da Alhaji ya faɗa, a nan yana ɗaukar giram 150, kalori tsakanin 200 da 250. A kantin abincin makarantarmu a sikeli ake auna shi, ka zaɓi ƙarami ko matsakaici ko babba. Tun daga firamare yara ke cin abincin rana a aji, an tsara shi, su da kansu ke rabawa. Sai tafiya. Ni da a Kano ko masallacin unguwa a babur nake zuwa, a nan kullum sai na taka minti ashirin zuwa tashar jirgin ƙasa, in hau bene, in sauka, in sake takawa. Tsofaffi 'yan shekara saba'in a keke suke zuwa cefane.

Har doka suka yi a 2008: duk wanda ke tsakanin shekara 40 da 74 ana auna ƙugunsa a gwajin lafiya na shekara. Namiji in ya kai santimita 85, mace 90, sai a duba sauran gwaje-gwajensa, in da matsala a tura shi wurin masu ba da shawara. Ba ɗauri, ba tara a kan mutum, amma ka san an sa maka ido. Masu ƙiba sosai a Japan ba su wuce huɗu ko biyar cikin ɗari ba, a Amurka kuwa kusan arba'in ne.

Alhaji Ɗan Kwari:
Santimita 85? In aka kawo wannan doka kasuwarmu, layinmu gaba ɗaya za a kwashe.

Injiniya Kabiru:
Alhaji har da ni a da. Amma ga wani abu da zai faranta ran Abban Walid. 'Yan kokawar sumo, waɗannan ƙattin, da shinkafa ake gina su. Ba sa karyawa, su yi atisaye da yunwa, da rana su zauna su ci wata miyar tukunya mai nama da kifi da ganye, su bi ta da kwano bayan kwano na shinkafa, sannan su kwanta barci. Shinkafa ɗaya ce da ta sauran jama'a, hannun da ke ɗiba ne ya bambanta.

Mutanen tsibirin Okinawa na nan Japan kuma suna da wata magana, hara hachi bu, wato ka tsaya in cikinka ya kai takwas cikin goma. Da na ji ta sai na tuna hadisin da aka koya mana a islamiyya, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi. Mu muka haddace, su suke aiki da shi.

Malama Hauwa:
Injiniya wannan ta ƙarshen ta yi zafi fa.

Usman KL:
Ina neman afuwa, amma ana ta cewa "mutanen Asiya" kamar gari ɗaya ne. Ni a Malesiya nake, ku zo ku ga teɓa. Binciken lafiya na ƙasar na 2019 ya nuna rabin manya nauyinsu ya wuce ƙima, kuma kusan ɗaya cikin biyar na da ciwon suga. Su ma shinkafa suke ci. Amma wace iri? Abincin safensu nasi lemak, shinkafa ce da ake dafawa da madarar kwakwa, a sa soyayyar gyaɗa da soyayyen kifi da ƙwai, wani ya ƙara soyayyar kaza. A kora da teh tarik, shayi mai madarar gwangwani mai zaƙi, irin wanda cokali ke kusan tsayawa a ciki. Shagunan abinci a buɗe har tsakar dare, kowa da mota ko babur. Wallahi in ka zauna a irin wurin sai ka rantse teburin mai shayi ne a Kano. Biyetnam kuwa, da ke nan kusa, suna cikin waɗanda suka fi kowa cin shinkafa a duniya, kuma suna cikin waɗanda suka fi kowa ƙarancin masu ƙiba.

Alhaji Ɗan Kwari:
Ɗana Usman ka tuna mini. Cainar ma ta canza a kan idona. Mai masana'antar da na ba ku labari har yau siriri ne, amma ɗansa da ya gaji ofis ya fi ni tumbi. Shi ba ya zama cin ganye, kaza soyayya yake oda da wani shayin madara mai ƙwallaye a ciki. Kuma kada a ɗauka girkinsu ba mai, in suna suya har wuta ke tashi a kasko.

Sista Binta:
Alhaji abin da ka gani a gida ɗaya, shi ne ya faru a ƙasar baki ɗaya. KFC, masu sayar da soyayyar kaza na Amurka, ta buɗe shagonta na farko a Beijing a 1987. A 2020 hukumomin lafiya na Sin, wato Caina, suka bayyana cewa fiye da rabin manyansu nauyinsu ya wuce ƙima. Kuma ƙibar ta fi yawa a arewacin ƙasar, inda alkama ce abincinsu, a kan kudu inda ake cin shinkafa.

Yanzu bari in dawo kan alkawarin da na yi wa Abban Walid, don ba na so Maman Ilham ta tafi da rabin magana. Sirantaka ba ita ce lafiya ba. A 1980 masu ciwon suga a Sin ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, zuwa 2013 sun haura goma cikin ɗari. Yau Sin da Indiya ne kan gaba a duniya a yawan masu ciwon. Da yawansu in ka gan su ba za ka ce suna da ƙiba ba. Kitsen a ciki yake, ya naɗe hanta da hanji.

Akwai wasu likitoci biyu abokan juna, Yajnik ɗan Indiya da Yudkin ɗan Ingila, da suka buga hotonsu a mujallar Lancet a 2004. Ma'aunin nauyi da tsawo nasu daidai yake, 22.3 kowannensu. Da aka auna kitse, na Baturen kashi 9 cikin ɗari ne, na Ba'indiyen kashi 21. A ido duk sirara ne. Shi ya sa ga mutanen Asiya ake fara ganin haɗari tun daga 23, ba a jira 25 kamar sauran.

Farar shinkafa kuma tana da hannu a nan. A 2012 masu bincike na Jami'ar Harvard sun tattara nazarce-nazarce daga Sin da Japan da Amurka da Ostireliya, suka ga duk ƙarin zubi ɗaya na farar shinkafa a rana yana tafiya da ƙarin haɗarin ciwon suga da kusan kashi 11 cikin ɗari, kuma abin ya fi bayyana a Asiya inda ake cinta da yawa. Irin wannan bincike ba ya tabbatar da cewa ita kaɗai ce sanadi, amma ba abin wasa ba ne. Kakan da ke cin kwano uku yana yini a fadama cikin laka, jikinsa na ƙone sugan nan take. Jikansa na cin irin kwanon yana zaune gaban kwamfuta.

Abban Walid:
Allahu akbar. To ai maganata ce ta fito.

Sista Binta:
Rabinta. Kai ka ce ita ke sa ƙiba, ni na ce yawanta ga mai zama wuri ɗaya na iya taimaka wa ciwon suga. Tambaya biyu ce daban. Kuma taliya da farin burodi da semo ba su fi ta tsarki ba.

Malam Sabo Kura:
Ni manomin shinkafa ne, ban yi boko mai zurfi ba, ɗana ke karanta mini. Kwanon da nake ci da rana a gona, in Hajiya ta gani sai ta riƙe baki. Shekarata 57, wandon da na ɗinka tun auren fari har yau yana shiga ta. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya yana da shago a birni, bai kai ni ci ba, amma in zai ɗaura takalmi sai ya nemi kujera. A daina ɓata wa shinkafa suna, da ita muke biyan kuɗin makaranta.

Tambayata ga Sista: mu gumi muke ci, wadda ake jiƙawa a turara tun tana cikin ɓawonta kafin a kai inji. Ita da ɗanyar da ake tuwo da waina, ɗaya suke a jiki?

Sista Binta:
Baba Sabo ba ɗaya ba ne. Turarawar tana sa sitacin ya ƙanƙame, don haka gumi ba ta ɗaga suga da sauri kamar ɗanyar da aka tuƙa ta yi laushi. Kalorin dai kusan ɗaya ne, kada a ce na ce gumi ba ta da lissafi. Tuwon shinkafa kuma ga saurin narkewa ga saurin wucewa a maƙogwaro, mutum sai ya tashi da malmala uku bai sani ba.

Malama Hauwa:
Ni tarihi nake koyarwa, bari in ɗan karkata. Wannan gumin da Baba Sabo ya ambata ba ƙaramin abu ba ne. Da injinan casa suka yaɗu a Asiya a ƙarni na 19, mutane suka koma cin shinkafa fara tas, wata cuta mai suna beriberi ta yi ta kashe su, ƙafafu su kumbura ko su shanye, zuciya ta gaza. Sojojin ruwan Japan sun sha fama da ita har wani likitansu, Takaki Kanehiro, ya canza musu abinci a shekarun 1880, aka ƙara nama da sha'ir, cutar ta kusan ɓacewa a jiragensu. A tsibirin Java kuma wani likita ɗan Holan, Eijkman, ya lura kajin da ake ba farar shinkafa suna kamuwa, in aka ba su mai dusa su warke. Daga nan aka bi sawu har aka gano bitamin B1, shi kuma ya samu kyautar Nobel a 1929. To turarawa tana tura wannan bitamin daga dusa zuwa cikin ƙwayar, shi ya sa masu cin gumi ba su cika kamuwa ba. Matan ƙauyenmu da ke tsaye kan tukunyar gumi ba su san sunan bitamin ba, amma aikin da suke yi ke nan.

Alhaji Ɗan Kwari:
Abin dariya, 'yar gwamnatin da muka yi ta rububi daga Tailan ita ma turararriya ce, don kasuwarmu suke yin ta. Su can mai ƙamshi suke ci, ko mai danƙo.

Hajiya Kaka:
Jikata ta sa ni a wannan zaure, ina ta saurare. Ni abin da na sani, da muna yara shinkafa sai Sallah ko biki ko an yi baƙo na kunya. Tuwon dawa da na gero muka tashi da shi, da fura, da ɗanwake. Kafin tuwon ya shiga bakinki kin yi surfe, kin yi daka, kin ja guga, kin hura wuta. Yanzu an kai niƙa inji, ruwa a famfo, tsintsiya ma an ba 'yar aiki. Amma ni ku daina tsangwamar yarinyar nan. A zamaninmu in amarya ta yi shekara ba ta yi jiki ba, dangi har tambaya suke ko mijin ba ya ciyar da ita. Mace ta haihu uku a ce ta koma kamar budurwa, wannan wace irin fitina ce?

Maman Ilham:
Allah ya ƙara girma Hajiya. Wallahi ba don kwalliya ba ne, gwiwoyina ke ciwo, in na yi sujada da ƙyar nake tashi. Kuma mahaifiyata da ciwon suga ta rasu.

Hajiya Kaka:
Allah ya jiƙanta. To in haka ne ki bi maganar Sista, na janye.

Sista Binta:
Amin. Maman Ilham, tunda akwai shi a gida, kafin komai ki je a gwada sugan jininki da safe kafin ki karya, a duba hawan jini. Wannan ya fi gaggawa a kan sikeli.

Slim Queen Collections:
Assalamu alaikum, muna da shayin rage tumbi daga Caina, kilo 10 cikin sati biyu, ci duk abin da kike so. A yi magana ta akwati.

Admin:
An goge, an kuma fitar da ita. Ba a talla a nan.

Alhaji Ɗan Kwari:
Shekarun da na yi ina zuwa ƙasar ban taɓa ganin wanda ya sha irinsa ba.

Ummu Haidar:
Ni tambayata daban. Na ga wani bidiyo wai in aka dafa shinkafa aka sa a firji ta kwana, rabin kalorinta na tafiya. Da gaske ne? In haka ne ai masu cin ɗumame sun daɗe da cin riba.

Sista Binta:
An ƙara gishiri. In ta huce ta kwana a sanyi, wani ɗan kaso na sitacin yana canzawa ya zama wanda hanji ba ya narkarwa, kuma an gwada an ga sugan jini bai tashi kamar na sabuwar dahuwa ba. Amma bambancin kaɗan ne, ba rabi ba, ba ma kusa ba. Sannan a kula, shinkafar da ta yini a kula ko ta kwana a tukunya cikin zafin nan namu tana iya haifar da ƙwayar cuta mai sa amai, kuma ɗumamawa ba ta kashe dafin. In wutar unguwarku ba ta tsayawa, ki bar wannan dabara.

Ummu Haidar:
Wuta kam sai dai mu gan ta a gidan maƙwabta masu sola. Na haƙura.

Abban Walid:
Ni dai duk da haka ba zan koma ba. Na san kaina, in na ga dafa-duka ba ni da birki. Gara in ce ba na ci gaba ɗaya da in ce zan ci kaɗan.

Anti Rabi Mai Abinci:
Yanzu ka yi magana. Wannan kuwa ba mai musa maka.

Maman Ilham:
Na dawo da rahoto. Jiya na yi abin da ban taɓa yi ba, na zauna da biro. Galan ɗin mai na lita huɗu kwana 12 yake mana, mu shida, kuma uku yara ne ƙanana. Na tura wa Sista ta lissafa, ta ce in aka raba daidai kowa na shan kalori wajen 450 a rana daga mai kawai, kuma ta san ba daidai ake rabawa ba. Sai wani abu da ban taɓa sa shi a lissafin ci ba: ragowar yara. Ilham ta bar loma huɗu, in ce kada a yi almubazzaranci, in cinye. Ƙaninta ya bar rabin burodi da shayi, in shanye. Auta ta tsotsi nama ta ajiye, in ƙarasa. Ga ɗanɗanon gishiri a bakin tukunya, ga ƙanzo. Ashe duk wata biyun da nake cewa na bar shinkafa, ina cinta a tsaye a kicin, ba dai na zuba a faranti ba ne.

Asibiti kuma na je da safe, sugan yana kan iyaka, sun ce in dawo bayan wata uku.

Anti Rabi Mai Abinci:
Ragowar yaran nan ki tara wa almajiri tun da zafinta, ko kaji. Man kuma ki daina tsiyayawa daga galan, ki nemi cokali. Ki yanka kabeji ko ki kwaɗa zogale ya cinye rabin farantin, wake ya fi shinkafar yawa.

Maman Ilham:
In sha Allah Anti. Baban Ilham na nuna masa duk maganganun nan, yana ta murna wai ya ci gardama. Sai na ɗauko tef ɗin ɗinkina na ce ya tsaya a yi masa irin na Japan. 104.

Injiniya Kabiru:
A gaishe shi, a ce masa ya wuce da 19.

Alhaji Ɗan Kwari:
Ki ce masa kada ya damu, akwai mu a gaba. Tafiyata ta wata mai zuwa zan taho muku da ƙananan kwanukan nan guda biyu.

Maman Ilham:
Allah ya saka Alhaji. Ya ce a kawo masa uku, duk nasa.